Wasiƙun Tsohon Manomi

Jabez Thurlow ya maka jaridar a kan tebur har shayin Alƙali Purdy ya fantsama.

"Ga wata wasiƙar nan kuma, ranka ya daɗe. Ta shida ke nan."

A shekarar 1811 ne, saura mako uku zaɓen gwamna, jam'iyya kuwa ta dare gida biyu. 'Yan birni sun tsayar da Kanar Wendell, 'yan karkara sun tsayar da tsohon alƙali, Elnathan Purdy. Jabez ne ya haɗa taron da ya tsayar da shi, shi ne kuma ya gurgunta dawaki biyu wajen zaga gundumomi. An yi masa alkawarin kujerar sakataren jiha, har matarsa ta fara ɗaure kaya.

Kwatsam wani mai kiran kansa Tsohon Manomi ya ɓullo a jaridar 'yan birni. Ba zagi, ba ƙarya, abin da ya fi ƙona wa Jabez rai ke nan. Ya ce Alƙali ya tsufa, kunnensa ɗaya ya mutu, masu tura shi kuma so suke su yi mulki da sunansa. Har maganar da aka yi su biyar a ɗaki ya fallasa.

"Akwai munafuki a cikinmu," in ji Jabez. "Bari in mayar masa da martani."

"Ƙyale shi," Alƙali ya ce, yana goge tebur. "Ka ga yadda tuffata ta yi toho bana?"

Jabez ya haɗiye takaici. Bisa zargi ya kori magatakardansa, ya ɓata da ƙanin matarsa, amma wasiƙu ba su tsaya ba. Kwana uku ya yi a bakin rumfar zaɓe yana roƙon manoma har muryarsa ta dushe. Kanar ya ci da tazarar ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai.

Ranar da sakamako ya fito, ya faɗa maɗaba'ar 'yan birni, ya ci kwalar mai ita, Silas Crane.

"An gama, kun ci. Wane ɗan iska ne ya rubuta wasiƙun?"

"Sake ni, sakatare marar kujera," in ji Silas yana dariya. "Ni ba na kama suna. Amma ga takardar da aka kawo, ai ka iya karatu."

Jabez ya kai ta bakin taga. Bai gama layi biyu ba ya nemi wuri ya zauna. Shekara goma sha ɗaya yana karɓar saƙo da wannan rubutun mai karkata hagu: hannun Alƙali Purdy ne. Ashe tsohon ya fi son tuffarsa a kan kujerar gwamna.