Barsim Mai Laushi Don Biba

Biba ta sake tofar da barsim ɗin, kamar jiya. Buraima ya tsinci karan ciyawar ya lanƙwasa, tauri kamar tsinken tsintsiya. Ina tsohuwar taguwa mai cinyayyun haƙora za ta iya da wannan? Ɗan abin da ta haɗiye ma, yadda ya shiga haka yake fita.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Buraima ya baro Maraɗi, yana kiwon raƙuman kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, a gabashin unguwar Naseem. Duk garken, Biba ce kaɗai ke gane takunsa. Ranar da aka bugo masa waya cewa mahaifiyarsa ta rasu, a wuyan Biba ya yi kukansa. Yanzu ga ta, tozo ya kwanta, haƙarƙari duk a waje. Tsoronsa ɗaya, kada kafili ya gaji ya rabu da ita.

Sai ga kafilin ya zo da wani mutum mai safar hannu. Mutumin ya duba haƙoranta da idanunta, ya latsa tozon, ya girgiza kai, ya ce zai dawo bayan wata biyu. Daɗi ya kama Buraima. Likita guda don Biba!

Musbahu, Bakanon da ke sayar da abincin dabbobi a kasuwa, shi ya kawo mafita.

"Akwai sabon iri," in ji shi. "Karansa ba ya saurin zama ice ko an jinkirta yanka, kuma ciki na narkar da shi sosai. Sai dai gona ba ta bayarwa kamar tsohon iri, shi ya sa yake da tsada."

Kafilin nan da kowa ya sani da hannun jarirai ko ciniki bai yi ba, ya saya. Buraima ya nemi gafarar Allah a kan zagin da ya sha yi masa a zuci.

Da hannunsa yake ba ta, safe da yamma, yana yi mata hirar gida. Ta koma tuƙa. Gashi ya yi sheƙi, tozo ya miƙe. Da wata biyu suka cika, mai safar hannu ya dawo a wata doguwar mota, ya latsa tozon, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar Buraima. Har hoto suka yi su uku. Kafili ya ba shi hutun yini, na farko a bana, ya ce ya je unguwar Manfuha ya gaida 'yan'uwa.

Da la'asar ya biyo ta kasuwa don yin godiya, riƙe da ledar dabinon da ya sayo wa Biba. Ya miƙa wa Musbahu waya, baki har kunne.

"Duba tsohuwata! Likita da kanshi ya yaba."

Musbahu ya daɗe yana kallon hoton.

"Tun yaushe ka baro ta?"

"Tun hantsi. Lahiya dai?"

"Buraima, wannan ba likita ba ne. Abu Nayif ne, mahauci. Ramammiya ce kawai ba ya saye."