Ƙasar Zanzaro a Kafar Kwamfuta

Ladiyo, tunda kin ce zaman da kike yi a shagon mijinki ɓata lokaci ne, bari in ba ki misali. Ba a littafi na karanta shi ba, ni aji shida na tsaya. A kaina ya faru.

Shekara ashirin da bakwai muka yi da mijina Malam, Allah ya jiƙansa. Da gyaran rediyo ya fara, da zamani ya juya ya koma buga wa mutane takardu da kwamfuta a ɗan shagon ƙofar gidanmu. Nawa aikin in kai masa abinci, in zauna a benci ina tsinar wake ina kallo. Duk abin da aka kawo masa gyara, ba ya kwance shi sai ya fito da shi wurin haske ya leƙa kowace kafa. Yakan ce likitan kirki sai ya sa ka buɗe baki kafin ya ɗauko wuƙa. Da ciwo ya kwantar da shi, ya naɗi muryarsa a kwamfutar, nasiha ga autarmu Sa'adiyya, ya ce kada a kunna sai ranar da za a kai ta ɗakinta. Bai ga ranar ba. Na shiga takaba, aka rufe shago, kwamfutar tana kan kantar shagon kusa da tagar da gilashinta ya fashe, har damina ta zo ta wuce.

Saura kwana uku biki na ce a juye muryar a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi abin da ke cikinta, yarinya ta tafi da ita gidanta. Yayanta ya soka filas a kafar kwamfutar, shiru. Ya gwada ɗaya kafar, shiru. Ya jona na'urar buga takarda, ita ma ko kallo. Kwamfuta tana kunnuwa lafiya lau, amma duk abin da aka jona mata sai ta yi kamar ba ta ji sallama ba. Na naɗe ta a zane na kai wa wani mai gyara a kasuwa, mai takardar shaida rataye a bango. Ya yi ta danne-danne har aka kira azahar, sannan ya ce sai an wanke ta tas an zuba mata sabuwar manhaja.

Na ce, "Abin da ke cikinta fa?"

Ya ce, "Ai shi ne wankin, Mama."

"Ɗana, ka leƙa kafar kuwa?"

Ya dubi abokansa ya yi dariya. "Mama, wannan fa ba tukunyar miya ba ce."

Na ɗauki kayata na fito bakin ƙofa inda rana take, na karkata ta yadda Malam yake yi. Can ƙuryar kafar na hango jar ƙasa. Zanzaro ne ya sami gida ba mai shiga ba mai fita, ya yi gininsa a kafofin biyu. Kan filas yana shiga rabi ya tsaya, mai sokawa ya ɗauka ya kai. Na kashe ta, na zare batirin, na karyo tsinke daga tsintsiyar shagon, don Malam ya hana sa ƙarfe a inda wuta ke bi. Na yi ta sakata a hankali. Busasshiyar ƙasa ta zubo a kan zanena, har da mushen tsutsa. Na hure, na mayar da batiri, na kunna, na soka filas da hannuna. Sai ta yi ɗan kukan nan da na shekara ina ji daga benci.

Mai gyara ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, a ina kika yi karatu?"

Na ce, "A kan benci."

Ranar biki bayan la'asar, lokacin da iyaye ke yi wa amarya faɗa, aka kunna. Muryar Malam ta fito da ɗan tarinta, ya ce, "Auta, ki zama mai lura kamar uwarki. Ba ta da yawan magana, amma ba abin da hannuna ya taɓa yi da idonta bai ɗauka ba." Ashe duk shekarun nan shi ma yana kallona. Na yi kuka, Ladiyo, amma kaina a ɗage.

Don haka koma shagon nan ki zauna, ki buɗe ido. Ba banza ba masu iya magana suka ce: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.