Tsibirin da Baffa Ya Ƙaryata

Ina aji biyar Malam ya koya mana labarin wani tsibiri. Da na dawo gida na tarar da Baffa, wan babanmu, yana gyaran keke, sai na zayyana masa darasin daki-daki. Da farko dutse ne ya yi aman wuta a ƙarƙashin teku har ƙasa ta fito. Sannan iska tana kai ruwan sama gefe ɗaya, ɗayan ya bushe. Kuma can ba a zafin bazara irin na Suleja.

Baffa ya nuna wajen Dutsen Zuma da sifanar da yake gyaran da ita. "Kai, ga dutse can. Tun kakanninmu ko hayaƙi bai taɓa yi ba. Ƙarya aka tura ka koyo?"

"Wallahi Baffa, Malam ne ya faɗa."

"Har da rantsuwa!" Ya murɗe mini kunne a gaban ƙannena, hannunsa na warin baƙin mai.

Har yau sunan maƙaryacin nan yana ci mini rai. Kamata ya yi ya saurara, ya tambayi Malam, sannan ya yanke hukunci. Shi da hukuncin ya fara, kuma har ya rasu bai waiwayi sauran biyun ba.