Gurbin Tsamiya

"Baba, sai haƙuri, farantan sola ba za su zo ba," in ji ma'aikacin kamfanin, ko babur ɗinsa bai kashe ba. "Ƙasashen da suka yi alkawarin tallafi a taron sauyin yanayi sun janye. Kamfaninmu ma tattarawa yake."

Tsohon ya gyara zaman hularsa. "To ɗana, ni da ban je taron ba fa?"

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, ya ja babur.

Wata huɗu ke nan da aka gaya wa tsohon cewa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ba ya shiri da inuwa. Ya sayar da injinsa na fetur, washegari ya sa gatari a tsamiyar bakin rijiya, wadda mahaifinsa ya dasa ranar sunansa. A gurbinta aka kafa ƙarafan da za su ɗauki farantan.

Azahar ta yi, tumatir duk ya langaɓe. Ya ɗauki buzunsa, ƙafa ta kai shi inda ya saba salla shekara sittin. Ya shimfiɗa, ya tsaya yana duban ƙasa. Inuwar da ta rage masa ta ƙarfe ce, faɗinta bai fi yatsa biyu ba.