Baitin da Ba a Rerawa

"Ja filafili, ɗiyata, ba hutu muka zo ba," in ji Kaka Dije.

Zuwaira ta cije leɓe ta ci gaba da tuƙi, tafin hannunta duk ya saluɓe. Kaka kaɗai ta rage cikin masu waƙar tsohon garinsu, kuma ba ta kai ta ƙarshe sai a kan ruwa. Ita kuwa Zuwaira ta rantse ba za a binne waƙar tare da tsohuwar ba.

Kaka ta soma rerawa: "Mun bi ta bisa tsamiya, mun ƙetare kan masallaci, kasuwa na ƙasan ƙafarmu."

Tsigar jikin Zuwaira ta tashi. Tun tana makaranta take faɗa wa kowa cewa tafiyar rai ce zuwa sama.

"Tsaya nan."

Ruwa ko'ina, ba a hangen gaɓa.

"Saura baitin ƙarshe, Kaka."

"Wane baiti, 'yar boko? Hanya ce nake nuna miki. Garin yana ƙasanmu tun da aka datse kogi. Nan shiru ake yi. Ɗaga hannu ki yi addu'a, bisa kabarin Innata muke."