Nauyin Kujerar Gaba

Mevlida ƙawata, matso kusa ki ji abin da ya faru a garejin ɗana Elvedin a satin nan.

Kin san Zaim, tsohon ma'aikacin gidan waya da matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Kin kuma san motarsa, wadda tun daga gadar ƙauye ake jin ƙafarta ta gaba tana ƙwanƙwasa. Bushin ɗinta ne suka mutu, robobin nan da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe. Na kamfanin motar sun yi masa tsada, sai ya sayo na wani kamfani a kasuwar Maglaj, ya ɗaga motar da jak a ƙofar gidansa, ya sa da hannunsa. Sati uku suka yi suka yage.

Ranar Talata ya kawo ta gareji da sabon kwali a hammata, yana tsine wa kayan kasuwa. Elvedin ya duba, ya ce kayan ba su da laifi, mai sawa ne. Wai Zaim ya ɗaure notocin ne mota tana sama, taya na reto, da aka sauke ta sai robar ta murɗe. Har a takardar cikin kwalin an rubuta. Na kai musu kofi, na bi ta da yatsa harafi harafi, na karanta masa. Zaim ya ce ta kwalin farko ya hura murhu da ita.

Ya roƙa a gama kafin Juma'a da safe. Ya faɗa har sau uku. Da aka tambaye shi ina za shi, ya ce gari kawai.

To kin san halin Elvedin, yadda ubansa, Allah ya ji ƙansa, ya koya masa: ba ya ɗaure notin ƙarshe sai mota tana tsaye da ƙafafunta a kan ramin gyara, masu hawanta kullum suna zaune a ciki. Direbobi na yi masa dariya, amma bushin ɗinsa ba sa dawowa. Zaim ya ce wannan mai sauƙi ne, shi kaɗai yake hawa.

Elvedin ya zagaya motar. Ya buɗe ƙofar dama, ya nuna kujerar da aka turo gaba har ƙarshe. Ya sauke madubin sama, ga shi a goge tas, alhali gilashin gaba ko hanya da ƙyar ake gani. Ya buɗe aljihun gaba, ya zaro fil ɗin ɗankwali guda biyu.

"Kawu Zaim, yaushe ka fara ɗaura ɗankwali?"

Tsohon ya yi ja har kunnuwa. Ya ce na ƙanwarsa ne. Elvedin ya tuna masa ƙanwarsa tana Jamus, kuma ta fi shi tsawo.

Daga nan ya sa masa sharaɗi, yana murmushi: ko ya kawo mai kujerar ta zauna, ko ya faɗi sunanta a auna nauyinta da buhun dankali, ko mota ta kwana a kan rami har Asabar. Zaim ya cire hula ya mayar. Ya ce ya yi alkawari ba zai ambaci sunan ba sai ita ta gaya wa 'ya'yanta da bakinta, kuma in ta kai a yi tafiyar a ƙasa, zai yi ta a ƙasa. Kilomita goma sha bakwai, da wannan gwiwar tasa.

Haka Laraba ta wuce. Zaim ya zo da safe ya zauna a kan tsohuwar taya, ya tafi da la'asar, bai faɗi ba. Elvedin ya yi ta jero masa matan ƙauye. Razija mai cuku? Ai da motar ta karkace. Fikreta ta kantin magani? Ita ba ta shiga motar da ta girme ta. Ke ma an ambace ki, Mevlida, Zaim ya ce a bar matan mutane.

Jiya Alhamis bayan azahar na shigo da faranti. Na tarar tsohon bai taɓa gurasar pita da aka ba shi ba. Na ce wa Elvedin ya ji tsoron Allah, wasa da dattijo yana da iyaka. Ya sosa ƙeya, ya dube ni sama da ƙasa.

"To Inna, shiga ki riƙe wa amarya wuri. Ke ma gajera ce, za ki yi kusa."

Na ajiye faranti na shiga. Na ɗan ɗaga ƙofar na ja, don sai da haka take kamawa. Zaim ya zauna a gefena, hannu biyu a sitiyari, ido a bango kamar mai jarrabawar tuƙi. Elvedin ya sauka rami da sufana. Muna jin sa a ƙarƙashinmu yana ɗaurewa yana nishi, yana cewa ko wace ce wannan baiwar Allah, a gaya mata ta yi dace, don namijin da zai yarda ya taka kilomita goma sha bakwai a kan alkawari ba kullum ake samunsa ba. Ya ce in 'ya'yanta suka ƙi, a turo masa su ya yi musu faɗa.

Aka zaga da motar har gada aka dawo, ko ƙis ba ta yi ba. Elvedin ya yi ta mamaki. Ya ce bai taɓa kintatar nauyi ya zo masa daidai haka ba.

Yau ƙarfe goma za a ɗaura mana aure a gari, Mevlida, ke nake so ki raka ni. Elvedin sai ya gama karyawa zan tuna masa abin da ya faɗa a rami, kafin nan don Allah kada ki gaya wa kowa.