Sakin Layin Sikila

"Likita, wannan sakin layin ba naki ba ne," in ji Farfesa, shugaban kwamitin bincike, yana buga maƙalarta a kan tebur. "Kalma da kalma yana cikin kundin sani na intanet. Su kuma daga maƙalata ta bara suka kwashe shi. Sata a kan sata!"

Ba ta yi musu ba. Ta jawo kwamfuta, ta buɗe shafin cutar sikila a kundin, ta shiga tarihinsa, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta shi. Ga sunanta nan ɓaro-ɓaro, tun tana ɗaliba, shekaru kafin maƙalar Farfesa. A bakin gadon ɗanta mai sikila ta rubuta sakin layin da hannu ɗaya, ɗayan yana matsa masa ƙafar da ke zogi.

Farfesa ya cire tabarau, ya hau goge shi ba dalili.

Ta gyara mayafinta, ta miƙe.

"Don iyaye mata irina na rubuta shi, ranka ya daɗe. Ban san har manya yake yi wa amfani ba."